Maƙogwaron Kulu

Duk shekara idan aka tone albasa, nakan ji sunan Kulu a bakin mijina fiye da yadda nake jin nawa. Ina cikin gida ina wanke-wanke, sai in jiyo shi bayan danga yana ce wa masu ɗaura rudu su dakata, kada su zuba albasa tukuna, ba a tsayar da maƙogwaron Kulu ba. Abin da suke kira haka wani dogon kwando ne na kaba, ba gindi ba murfi, da ake kafawa a tsakiyar rudu, wato rumbun karan da muke ajiye albasa. A zuba albasar ta kewaye shi, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama, tsakiyar ba ta ruɓewa ko damina ta yi nisa. Daga Birnin Malam inda nake aure har Aliero, har fadamun Maiyama, ba manomin da bai san sunan nan ba. Yaran da ba su taɓa ganin Kulu ba ma suna faɗarsa kamar yadda ake faɗar turmi da tabarya. Ni kuwa na san Kulu tun ba ta iya ɗaura zane ba. Ɗiyar baffana ce, gida ɗaya aka haife mu a Danwarai, na girme ta da kwana arba'in, shi ya sa har yau take ce mini Yaya. Bana ta zo ta ce in ba ta riƙon ɗiyata ta fari. Tun ranar nake ta tono abubuwan da na ɗauka na binne su.

Sai na fara da Mu Gani, don can abin ya samo asali. Ƙungiya ce, tana da dogon suna na gaske wanda wani malamin firamare ya rubuta a allon katako, da maganar fasaha da kimiyya da ƙirƙira a ciki, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba. Yadda Baba ya ba mu labari, tun kafin a haife mu wani ƙarfe ya karye a cikin injin ban ruwa na wani manomi, aka zagaye kasuwar Jega ba a samu irinsa ba. Wani maƙeri daga Maiyama da ya zo cin kasuwa ya jujjuya guntayen a hannu, ya ce zai iya ƙera shi. Mai gyaran rediyo da ke rumfar kusa ya yi masa dariya, ya ce wannan fa ba lauje ba ne. Malamin nan na Aliero yana zaune yana jiran a gyara masa rediyo, shi ne ya ce, to, mu gani. Na farko bai shiga ba, na biyu ya shiga ya karye, na uku ya shekara yana jawo ruwa. Da bazara ta zagayo sai mutum ukun nan suka zauna gindin wata tsamiya don a nuna wa jama'a ƙarfen, wasu kuma suka zo da nasu abin da suke so a gani. Daga nan ya zama al'ada: bana Jega, baɗi Aliero, baɗin baɗaɗa Maiyama, bayan an gama da albasa, kafin ruwan farko.

Mu 'yan mata da talla muke zuwa, ni da dafaffiyar gyaɗa, Kulu da ƙuli-ƙuli. A bayan motar albasa ake kwasarmu, warin ya bi mu har cikin gashi. Abin da na fi tunawa ƙara ce. Zugazugi na huci, ana bugun ƙarfe, rediyo uku na magana lokaci guda ba mai sauraronsu, ga tunkiya tana kuka don mai ɗori ya zo da ita a ga ƙafar da ya ɗora tana takawa. Marina suna yawo da hannuwa shuɗɗa suna taɓa zaren masaƙa, masaƙa na cewa su ja baya. Wata tsohuwa mai ginin tukwane ta zo da randa cikin randa, ta cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwan ciki har haƙori yake kamawa da tsakar rana. Wani makaho mai zaƙin murya yakan rera waƙar taurari da ya tsara, wadda ke faɗin lokacin shuka, manoma suna yi masa gardama baiti baiti. Wata shekara wani ya kawo garmar shanu mai zuba iri da kanta. Aka ja ta, ta juye mudun gero kaf a rami ɗaya. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki, shi ma yana yi, baɗi ya dawo da ita ta gyaru. Ba a jin kunyar abu ya ƙi a Mu Gani. Abin kunya shi ne ka ce ka iya, a ce mu gani, ka ce ka baro shi gida.

Amma akwai doka ɗaya da tsohon maƙerin nan ya kafa, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Duk abin da aka kawo, suna biyu ake kira: mai ido da mai hannu. Mai hannu shi ne wanda ya ƙera, ya saƙa, ya gina. Mai ido shi ne wanda ya fara lura da abin da ya jawo aka yi shi. Wani lokaci mutum ɗaya ne, sau da yawa kuma ba haka ba. Na ga an kira sunan wata mai daka a matsayin mai ido, mijinta kafinta yana mai hannu, ta aiko ƙanenta ya faɗi abin da ta gani. Dalilin tsohon shi ne, mai hannu kasuwa za ta biya shi, mai ido kuwa ba ya da komai sai sunan nan, don haka shi ake fara kira. Kuma ba a karɓar haka kawai ya zo mini. Sai mai ido ya faɗa gaban kowa: ina yake, me yake yi, me ya gani. In ya gama, tsohon ya buga guduma a kan uwar maƙera sau ɗaya, abin ya shiga. In ba a samu mai ido ba, sai a ce a koma da shi gida. Shi kuma malamin nan yana da tasa al'adar. Duk shekarar da aka kira sunan yaro ko yarinya, sai ya ɗauki kekensa ya je gidan uban, ya zauna a zaure yau, ya zauna gobe, har a yarda yaron ya wuce gaba da firamare, ƙungiya ta ɗauki littattafai da kayan makaranta.

Ina da shekara goma ko kusa da haka, Baba ya ɗaura rudu huɗu a bakin fadama. Akwai wani tsoho da ke gadinsu, idan zai je sallar azahar ya ci abinci sai a tura ni in zauna. Wata rana na tarar da ƙawayena suna carafke gindin giginya, na ce bari in yi hannu ɗaya. Hannu ɗayan nan ya zama goma. Da na dawo sai na ga bayan wata jar akuya, kanta cikin rudu na ƙarshe. Ta yage karan ƙasa, ta kutsa, ta tattaka, ta gatsa wannan ta bar wancan, albasa ta gangaro ta bar rami har kusan tsakiya. Na san Baba. Ba mugu ba ne, amma albasar nan ita ce suturarmu da abincinmu, kuma in ransa ya ɓaci ba ya jin kira. Na kwashe duk wadda ta ji rauni a zanena, sawu uku, na tona rami bayan wata geza na binne. Ramin cikin rudu kuwa na ga in na bar shi haka sama za ta rufto a gane. Sai na ɗauko wani tsohon kwando da gindinsa ya cinye, na cusa shi ya tokare, na jera kara sama-sama a baki yadda ido ba zai kama ba. Tsoho ya dawo yana goge baki, ya ce Allah ya yi mini albarka, in tafi gida.

Wata huɗu ina kwana da abin nan a ciki. Da damina ta yi tsaka, albasa ta yi daraja, aka buɗe. Rudu uku kamar kullum: gefe lafiya, tsakiya ta yi ruwa, wari, ƙudaje, ana zubarwa da kwando. Na huɗun ni aka sa in fara tsincewa, na yi sauri na zare kwandon nan na jefa cikin ciyawa. Amma kafin in zare na ga abin da har yau in na rufe ido ina ganinsa. Duk albasar da ke kewaye da kwandon a bushe take, ɓawonta na ƙara kamar takarda, ko ɗaya ba ta yi laushi ba. Na sa hannu cikin ramin, na ji iska tana wucewa a bayan hannuna, mai sanyi, kamar wani na numfashi. Baba ya yi murna da rudun, ya ce addu'a ce. Sai dai da aka auna ya ga ya kasa sauran cika. Bai tambaye ni ba. Sai ya kira tsohon nan mai gadi, gaban mutane, ya faɗa masa kalmar da ba a faɗa wa mai furfura. Tsoho ya naɗe tabarmarsa ya ɗauki butarsa. Ina tsaye da albasa a hannu.

Kulu kaɗai na gaya wa, muna surfe, bayan na sa ta rantse. Na ɗauka akuyar za ta tambaya, ko tsohon. Ita kuwa sai ta tsayar da tabarya ta ce kwandon tsawonsa nawa, bakinsa ina ya duba. Kulu hannu gare ta tun tana ƙarama. Faifan da ta saƙa ba ya zama gida, saye ake yi. Kwana bakwai ta yi tana saƙa wani abu a bayan ɗaki, ana yi mata tsiya wai tana yi wa maciji riga. Da aka zo ɗaura rudu na gaba ta je ta tsaya gaban baffa ta ce a sa mata shi a guda ɗaya, in ya ɓata albasa a sayar da tunkiyarta. Ni ko da za a yanka ni ba zan iya tsayuwar nan ba. Aka sa. Damina ta zo ta wuce, rudun Kulu ya fita lafiya tun daga sama har ƙasa. Baba da baffa suka ce wannan sai Mu Gani.

Shekarar a Maiyama aka yi. An sa mana atamfa iri ɗaya, ranar ba talla. Aka kafa ƙaramin rudu a fili, aka tsayar da abin a ciki, malamin ya kunna tsumma a ƙasa don a ga hayaƙi na hawa yana fita ta sama. Mutane suka matso har ana taka ƙafar juna. Wani mahauci ne ya ce wannan ai maƙogwaro ne aka yi wa rudu, aka yi dariya, sunan ya zauna. Mai hannu ba gardama, kowa ya ga yatsun Kulu da kaba ta yayyanka. Baffa ya ce amma 'yan matan nan biyu tare suke ƙus-ƙus ɗinsu, shi bai san wadda ta fara ba. Tsohon maƙeri ya sa aka matso da mu gabansa. Idonsa ɗaya ya yi fari saboda tartsatsi, da ɗayan ya dube mu.

"To, ɗiyana, wa am mai ido cikinku?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na ga Baba a tsaye dama da ni, ya sa babbar rigarsa ta Salla, yana murmushi irin wanda ban saba gani ba. Can bayan taro kuma ga tsohon nan mai gadi, ya koma sayar da goro a faranti, ya miƙa wuya yana kallo. In na ce ni ce, sai an ce ina nake, me nake yi, me na gani. Carafke, akuya, rami bayan geza. Gaban Jega da Aliero da Maiyama za a ji Baba ya kira bawan Allah ɓarawo a kan ɓarnar ɗiyarsa. Kulu ta dube ni. Na dubi ƙasa. Maƙerin ya sake tambaya, ya ce in ba mai ido a koma da shi. Ta sake dubana. Na ga ƙafar maƙerin ta motsa zai tashi.

"Ni ta, Baba," in ji Kulu.

"Hwaɗa muna yadda kinka gani."

Ba ta ko yi in'ina ba. Ta ce tana kiwo ta zauna kusa da suri, ta ga gara ta bar ƙofofi ƙasa da sama, ta sa hannu ta ji iska na fita, ta ce ashe haka suke yi gidansu ba ya zafi. Aka ɗauki kabbara. Malamin har hularsa ya cire ya mayar. Guduma ta sauka sau ɗaya. Na ji ta a cikin haƙorana.

Abin da ya fi ci mini rai, ƙaryarta ta fi gaskiyata kyau. Wa zai so labarin akuya da raguwar yarinya alhali ga suri da gara? Har yau shi ake ba yara a makaranta, ɗiyata ma ta zo mini da shi, tana ba ni da hannu da ido. Bayan sati biyu keken malamin ya tsaya ƙofar gidanmu. Zaure ɗaya ne da mu da su, ina jin muryarsa ta cikin zana yana lallashin baffa, ina tankaɗe. Kwana biyar ya yi yana zuwa. Da muka gama firamare aka saya wa Kulu akwatin ƙarfe mai fenti kore, ni na taya ta ɗauka zuwa bakin hanya. Tana dawowa hutu da farin takalmi da kalmomin da ban sani ba, ta kawo mini sabulu mai ƙamshi, in karɓa in yi godiya, in ba Inna ta yi wanki da shi. Ba wanda ya zalunce ni. Na yi aure inda nake so, mijina mutumin kirki ne, ba na kwana da yunwa. Amma in an ce Kulu ta ci jarrabawa, Kulu ta shiga jami'a, Kulu ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Aliero, sai in ji kamar ana karanta mini wasiƙar da aka rubuto da sunana wani ya buɗe. Tsohon mai goro ya rasu ina amarya. Na aika da hatsi gidan makoki, fiye da yadda ya kamata, har uwar mijina ta tambayi ko danginmu ne.

Mu Gani ma ba ta nan yadda na san ta. Maƙerin ya rasu, mai rediyo ya bi shi, malamin ya tsufa har ba ya gane mutane. An yi shekaru ba a taru ba, sannan masu ilimi suka tashe ta, Kulu na cikinsu, ita ke riƙe da takardu. Bara na je, na ce ina son ganin likita a Aliero, na ratse. Babban ɗaki ne da fanka da kujerun roba, manya a gaba, lasifika na ƙugi. Samari sun kawo abubuwa masu wayoyi da fitilu, wasu kam abin mamaki ne, ban raina ba. Amma ba mai taɓawa, an ja igiya. Ba tunkiya, ba marina, ba wanda abinsa ya ƙi aka yi dariya tare da shi. Wanda nasa ya ƙi sai ya tattara ya fita ta ƙofar baya. Na karɓi takardar da ake cikawa na duba da ɗan karatuna. Layi ɗaya ne na suna. Na tambayi yarinyar da ke rabawa ina wurin mai ido, ta ce asibitin ido yana Birnin Kebbi. Uwar maƙerar tsohon tana nan, an goge ta an ɗora kan tebur da kyalle a ƙarƙashi. A bango ga hoton Kulu tana 'yar shekara goma sha biyu, da atamfar nan. An yanke hoton daidai kafaɗarta. Gefen hannun rigata ya ɗan fito.

Ɗiyar tawa shekararta tara. Ta fari ce, don haka ba na kiran sunanta, ba na yabonta gaban mutane, ba na jan ta jikina in da ido. Ita ma Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena na faɗa. Amma ina kallonta ta wutsiyar ido tun tana rarrafe, kuma abin da nake gani yana hana ni sukuni. In ta kai wa ubanta abinci fadama, sai ta tsaya ta karkata kai ta ce injin ban ruwa zai tsaya. Ya ce ta rufe masa baki. Kafin ya wanke hannu injin ya tsaya. Ta ce muryarsa ce ke sauyawa, kamar mai son yin tari. Ranar sunan ƙanenta na uku uban ya ba da labarin nan yana dariya, Kulu na zaune cikin mata. Na ga ta ajiye cokali.

Bayan sati ta dawo ita kaɗai, da la'asar, ta zauna bakin gadona ta cire takalmi. Ta yi zancen Baba da ciwon ƙafarsa, ta yi zancen tsadar taki, sannan ta ce akwai makaranta mai kyau kusa da gidanta, ita kuma Allah bai ba ta haihuwa ba tukuna, ɗaki na nan ba kowa.

"Ki ba ni ta, Yaya. Kunnen yarinyar ga ba na kai tuwo fadama ba na."

Na ci gaba da ninke kayan jariri. Na ce, "Wanda kinka ɗauka can Maiyama bai ishe ki ba?"

Shekara goma sha bakwai ba mu taɓa maganar ba. Na ɗauka za ta ce ba ta gane ba. Sai ta ce sau uku ta dube ni ranar, ni na ƙirga biyu don na uku kaina na ƙasa. Ta ce da ta yi shiru, da an koma da abin gida, da ni da ita duk muna nan muna tsince ruɓaɓɓiyar albasa. Na ce to ai ni ina nan. Can ta ce labarin surin nan ya ishe ta, duk inda ta je sai an sa ta faɗa, har suri ta je ta tona daga baya don ta ga ko abin da ta ce gaskiya ne.

"In kina so, taron bana in tashi in hwaɗi. Akuya ta, kuma ke ta."

"Baba na da rai," na ce.

"Na sani."

"To bar shi."

Har sauƙin da ta yi tayin nan da shi sai da na ji haushinsa. Ita ko gaskiya za ta faɗa, tafi za a yi mata.

Uwar mijina da ta ji, ta ce ina abin shawara a nan, ɗiyar fari dama ta dangi ce, uwa ba ta da baki a kanta. Mijina gaban uwarsa ya ce haka ne, da muka keɓe ya ce sai abin da na ce. Da ma bai ce ba. Kwana goma ina juya abin. In na hana, na san abin da na hana, don na ga koren akwatin nan ya wuce ni sau ɗaya. In na bayar, matar da ake kiran sunanta a bayan dangata ita za ta ga ranar da yarinyar nan za ta fara gane abu, ita za a rugo a gaya wa. Na yi ta neman aibin Kulu in kafa hujja da shi, ban samu wanda zai tsaya gaban mutane ba. Wata safiya na ga yarinyar ta tsuguna gaban tukunya, ta kasa kunne tana jiran tafasa, ƙaninta goye a bayanta, wani na jan zanenta. Na ce wa ubanta ya kira Kulu.

Ranar tafiya na shigar da ita ɗaki na saki labule, na yi mata kitso ƙanana, na ja su da ƙarfi don su kai ta har hutu. Ban raka ta bakin hanya ba, ba a yi. Ta cikin zana na ga motar ta juya.

Sati shida ta yi ta zo hutun tsakiyar zango. Ta yi haske, ta iya gaisuwa da wani irin lanƙwasa murya, bakinta ba ya rufuwa: Inna Kulu ta ce, Inna Kulu ta nuna mini, Inna Kulu ta bar ni na kwance fanka. Na ce madalla, ina duban tukunya. Da ta cire ɗankwali sai na ga ba kitsona ba ne. Wani ne sabo, shuku, layukan sun miƙe tamkar da zare aka auna, ko gashi ɗaya bai tashi ba. Na san hannun. Na bari har uwar mijina ta tafi unguwa, na kira ta ɗaki, na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna, na ɗauki tsinke na fara kwancewa. Ta ce shekaranjiya aka yi shi. Na ce na gani. Na tsefe shi tas, na shafa mai, na fara nawa, layin farko ya karkace kamar kullum.

"Yaya, na Inna Kulu bai da zahi haka."

"Na sani," na ce. "Kwanto da kanki."

Ta kwantar da kan a cinyata. Ban yi sauri ba.